Daga zanin goyo zuwa sandar dogarawa: tambayoyin lafiya da ake yawan tare ni da su a Jos

Duk wadda ta yi aikin jinya ta san ba a tashi daga aikin nan. Ko gidan suna na je a Anguwar Rogo ko ta'aziyya a Rikkos, kai ko cefane na tsaya yi a Farin Gada, sai wata ta riƙo min mayafi ta ce Sista dan Allah minti ɗaya, kuma minti ɗayan nan sai ya kai mu kiran magariba. To tambayoyin dai su ne su ne, shi ya sa na zauna na jera su tun daga ɗaukar ciki har tsufa. Za ku ga ina ta nanata abu guda, ku yi haƙuri da ni: yawancin abin da ke kayar da mutanenmu ba da ciwo yake farawa ba, shiru yake shigowa, mu kuma ba ma zuwa asibiti sai an ɗauko mu ranga-ranga.

Cikina na shida ne, biyar ɗin baya duk a gida na haihu lafiya lau. Dole sai na je awo?

Dole ne 'yar uwa, ke kin ma fi mai ciki na biyu buƙata, don mahaifar da ta sha ɗauka ta fi saurin ɓallewa da jini bayan haihuwa. Kowane ciki da halinsa. Hawan jinin masu ciki ba ya sallama, kina wanke-wankenki kina jin garau alhali jinin ya haura, sai dai kawai a ga mace ta faɗi tana jijjiga a ce iska ce ta buge ta. A wurin awo ake kama shi, a auna jini a duba fitsari, a ga ko jininki ya yi ƙasa, a yi gwajin ciwon hanta da ƙanjamau. Da sau huɗu ake cewa a je, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi takwas, a kuma fara tun ciki bai wuce wata uku ba. Na san halinmu na ɓoye ciki sai ya turo zani, to ki ɓoye wa kishiya in kin ga dama amma ban da asibiti.

Jan maganin ƙarin jini da ƙaramin rawayan nan ki dinga sha kullum, ba sa sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fitowa, wannan zancen zaure ne. Fansidar na rigakafin malariya kuma ana fara bayarwa bayan ciki ya wuce wata uku, wata-wata, aƙalla sau uku. In kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko ɗa ya daina motsi, kar ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, tun ciki na wata bakwai ki ajiye lambar mai mota, kin san samun abin hawa da tsakar dare a Jos, a kuma san ɗan uwan da zai ba da jini in ta kama.

Surukata ta ce a matse dakashi a zubar, kuma a ba jariri ruwa don yana jin ƙishi. Ya zan yi?

Dakashin nan da ake ƙyama shi ne rigakafin farko na ɗanki, kauri da launinsa duk garkuwa ce. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Daga nan nono zalla har wata shida, ba ruwa ba madarar gwangwani ba jiƙo, nonon kansa yawancinsa ruwa ne, ko a zafin Maris ya ishe shi. Zuma kuwa sai ya shekara, don takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba zai iya da ita ba. Bayan wata shida a fara kunun gyaɗa, wake da aka dama ya yi laushi, ƙwai, kifi, ana ci gaba da nono har shekara biyu.

Batun Hajiya kuma, kar ki ja da ita, ba za ki ci riba ba. Ɗanta ne zai yi mata magana, ko ki lallaɓa ta ta raka ki asibiti ranar allura ta ji daga bakinmu. Na sha ganin kaka ta koma gida ita ce ma ke hana maƙwabta ba yaro ruwa.

Gashin cibi da cire belu fa, ai mu ma duk an yi mana?

An yi mana, mu da muka rayu muke ba da labari. Cibiya ƙofa ce a buɗe, toka ko man goge baki ko tsumman da aka ɗora a murfin tukunya duk hanyar shigar cuta ce, har da tetanus. Akwai man shafawa na chlorhexidine da ake bayarwa, shi kaɗai za a shafa a cibiyar, kuma a kiyaye kar ya kusanci ido. Belu kuwa Allah ne ya halicce shi a wurin, ba ya hana shan nono ba ya sa amai, amma askar wanzami tana iya jawo zubar jinin da jariri ɗan kwana bakwai ba shi da shi da yawa.

Tunda muna kan jarirai, shawara. In idon jariri ya yi rawaya a ranar farko, ko rawayar ta sauko har tafin hannu da ƙafa, ko ya yi lakwas ya ƙi kama nono, ba shanya shi a hantsi ba ne magani ba kuma ruwan gulukos ba, a kai shi a sa shi a wutar asibiti, don in ta hau ƙwaƙwalwa ɓarnar ba ta gyaruwa. Sannan a cire kafur daga cikin kayansa, akwai yaran da yake fasa musu jini.

Wankan jego da kunun kanwa suna da illa?

Wanka da ruwan ɗumi ba laifi, balle a sanyin nan namu. Ruwan da ke tafasa ana fyaɗa wa mace da ganye har fata ta saɓule shi ne ba na goyon baya. Kanwa kuma gishiri ce a wani suna, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya kaya, likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka lura da yadda zuciyar masu jego ke gazawa inda ake haɗa kanwa da zafi mai yawa. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai da filo uku, asibiti. Haka wadda ta shiga kuka ba dalili, ba barci, ba ta son ɗaukar ɗanta, ba rashin godiyar Allah ba ne, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma ana maganinsa.

Allurar rigakafi ta sa ɗana zazzaɓi, babansa ya ce ba za a koma ba.

Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi a cinya alama ce jiki ya karɓi saƙo, farasitamol na yara daidai awonsa ya wadatar. Ki ce wa babansa ya tambayi tsofaffin gidansu yadda ƙyanda ke share yaran unguwa a da. Jadawalin ba wuya: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9 a yi ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Ta ciwon hanta ta farko an fi so a yi cikin awa 24 da haihuwa, shi ya sa ko a gida aka haihu a kai yaro a ranar. In kin tsallake wata ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, kar kunyar nas ta hana ki. A asibitin gwamnati kyauta ne. Mun ga abin da jita-jita ta yi a 2003 da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, sai Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Katin allurar nan ki adana shi kamar takardar fili.

Yarinyata tana zawo, an ce haƙori ne zai wuce.

Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dadashi da ɗan rigima, shikenan. Zawon kuwa daga abin da take wawura tana kaiwa baki ne, don lokacin rarrafe da lokacin haƙori tare suke zuwa. Abin da ke kashe yaro a zawo ƙarewar ruwan jiki ne. A ba ta ORS na leda, in babu a haɗa a gida: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya, kuma kar a daina nono. Ido ya faɗa, maɗiga ta loɓa, ba ta iya sha, ko da jini a kashin, a tafi asibiti. Su kuma ruwan maganin haƙori na kwalba ni ba na son ganinsu a gidan kowa, waɗanda suka manyanta sun tuna My Pikin a 2008, yara 84 aka ƙirga sun rasu saboda gubar da ta shiga cikinsa ta lalata musu ƙoda.

Lokacin hunturu muna kwana da kaskon gawayi a ɗaki saboda yara, akwai matsala?

Babba ma. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi, tana shiga jini ta kore iskar numfashi, mutum yana barci sai dai ya zarce. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, in kuka tashi da safe duk gidan kai na sarawa to kun tsallake rijiya da baya. Haka hayaƙin janareto a baranda ko a lungu kusa da taga. A ɗumama ɗaki ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta, sauran aikin na bargo ne da safa da hula. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne na sani, amma gara a kwana ana rawar ɗari.

Game da tari kuma, ba sanyin ne ke kawo namoniya kai tsaye ba, ƙwayar cuta ce. Ki ɗaga rigar yaro yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, ɗan wata 2 zuwa shekara in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ƙasan haƙarƙarinsa na shigewa ciki, ba na man zafi da shayi ba ne.

'Yan firamare me ya kamata a fi kula musu da shi?

Su karya kafin su fita, ko kunu ne da ƙosai, ba biskit da lemon roba ba. Wanke hannu da sabulu, goge haƙori safe da dare, maganin tsutsar ciki in an zo rabawa a makaranta a bar su su sha, gidan sauro kullum. Yaron da ke matsowa gaban allo ko yake cewa malam ba ya rubutu da kyau a duba idonsa kafin a kira shi daƙiƙi. Sai abu biyu na garin nan: kududdufan da haƙar kuza ta bari ta wajen Bukuru da Rayfield, ruwansu a kwance amma zurfinsu ya wuce tunani, a ja wa yara kunne sosai. Da cizon kare, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi allura a ranar, don haukan kare in ya riga ya bayyana ba a tashi.

An zo makarantar 'yata da allurar kansar mahaifa, an ce tana hana haihuwa. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Allurar HPV ce, Najeriya ta fara ta a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya ake yi. Ruwanda tun 2011 take yi wa 'yan matanta kuma suna nan suna haihuwa. Ana yin ta da wuri ne don ta fi aiki kafin jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ba wai ana zargin 'yarki da wani abu ba, mace tana iya ɗauka a ɗakin aurenta. Wanda ya taɓa jinyar mai kansar bakin mahaifa ba zai tsaya gardama ba.

Ɗana ɗan shekara 17 ya canza, barci da rana, faɗa, kuɗi na ɓacewa. Ina tsoron ƙwaya ce.

Mama tsoronki yana kan hanya, amma kar ki fara da duka ko kora, in kika kore shi kin miƙa shi ga waɗanda suka koya masa. Tramadol yana sa farfaɗiya, kodin kuma duk da gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi tun 2018 har yanzu yana yawo a ɓoye. Shisha ma da suke ɗauka ƙamshi ce kawai, taba ce. A samu wanda yake jin nauyinsa, kawu ko malaminsa, a zauna da shi ba a gaban ƙanne ba, sannan a kai shi sashen masu lura da ƙwaƙwalwa, akwai a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Ba sai mutum ya yi tsirara a titi ake zuwa wurin ba. Gidajen mari da sarƙa ba sa cire ƙwaya daga jiki. Kuma a bincika, wani yaron damuwa ce ta fara cinsa kafin ƙwayar.

Ni AS ce shi ma AS, muna son juna. An ce in mun haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zama sikila.

Ƙanwata ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki da kansa yana da kaso ɗaya cikin huɗu, kamar a jefa kwabo ne kowane karo, kuna iya haifar huɗu ba sikila ko ɗaya, kuna iya haifar uku a jere duk SS. Ba zan yanke miki hukunci ba, amma kafin ki yanke ki je ki zauna da uwar mai sikila ta ba ki labarin dare ɗaya na ciwon ƙashi a watan Janairu. Laifinmu shi ne sai an kai lefe an buga kati ake zuwa gwaji, lokacin kowa na jin kunyar fasawa. A yi tun ana zance, a kuma maimaita a wani wurin daban don ana samun kuskure, a haɗa da na ƙanjamau da ciwon hanta.

Kusan duk wata sai na yi malariya da taifot, me ke kawo haka?

Malam, anya kuwa? Gwajin Widal da ake yi a ƙananan lab yana nuna alama ko a jikin mai lafiya, shi ya sa kowa a garin nan taifot gare shi. Kafin ka sha maganin malariya a tsaga yatsa a gwada, minti 15 zuwa 20 ne, in ta tabbata ka shanye na kwana ukun duka. Haɗin kemis ɗin nan da ake ƙulla maka ja da fari da kafso a leda, ba ka san sunan ko ɗaya ba, shi ke cin ciki da ƙoda, kuma shan kafso barkatai yana sa ranar da kake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Gajiya da ciwon kai na kullum suna iya zama hawan jini ko suga ko ƙarancin jini ko rashin barci. Tarin da ya kai sati biyu a gwada tarin fuka, gwaji da maganin kyauta ne, wata shida ake sha.

Zazzaɓin da ya ƙi jin magani da rani kuma a tuna da Lassa, mu a Jos ba baƙuwarmu ba ce. A 1969 aka kawo wata nas ta mishan daga garin Lassa na Borno zuwa asibitin Jankwano ta rasu a nan, shekarar da ta biyo baya cutar ta kashe Dakta Jeanette Troup da ke aiki a asibitin. Ɓera ke yaɗa ta da fitsari da kashinsa, sai a rufe abinci a mazubi mai murfi a daina shanya a ƙasa.

Shekarata 42, ba abin da ke damuna, me zai kai ni auna hawan jini?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tsaya min a rai. An ce jiki magayi, to a hawan jini jiki ba ya gaya maka komai, ba ciwon kai ba jiri, shekara goma yana tafiya yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da ido kana ta harkarka a Terminus. Na'ura kaɗai ke faɗa. Ka zauna ka huta minti biyar a auna, in ana samun 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban to ya tabbata. Duk baligi ya auna ko sau ɗaya a shekara, in akwai shi a gidanku ko kana da ƙiba fiye da haka.

In an ɗora ka a magani, ga inda mutanenmu ke faɗuwa: ya sha wata ɗaya, an auna an ce ya sauka, sai ya ce na warke alhamdulillahi ya ajiye. Maganin ne ya riƙe shi, ka saki ya koma. Akwai wani direban babbar mota da nake aunawa, mutumin kirki mai barkwanci, haka ya yi, ya koma jiƙon tafarnuwa da zoɓo, bayan wata bakwai aka kawo shi baki ya karkace, yau matarsa ke ba shi abinci a baki. Zoɓo da zogale abinci ne masu kyau, amma ba sa zama a madadin ƙwaya. In maganin yana sa ka tari ko kumburin ƙafa, ko kana ganin ya taɓa maka harkar iyali, kar ka yi shiru ka daina, ka faɗa wa likita ya canza, iri-iri ne. Shi kansa hawan jinin da aka bari yana kashe ƙarfin namiji.

Gishiri kuma, abin da ake so a yini kar ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire da taliyar leda. Uwargida ta dinga ragewa kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa, daddawa da citta da albasa su cike gurbin. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 30 sau biyar a sati, ba sai ka sayi kayan motsa jiki ba, ka sauka daga keke tun kafin a kai ka ƙofar gida. Kuɗin maganin wata bai kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya ba. Masu ƙorafin kuɗi su je su tambayi tsarin inshorar jiha na PLASCHEMA.

Ina da suga, zan iya azumi?

Wasu suna iyawa wasu bai kamata ba, likitanka ne zai faɗa, kuma tun Sha'aban ake zuwa don a gyara lokacin shan magani. In kana azumi ka auna ka ga ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ka ji rawar jiki da gumi da duhun gani, ka karya nan take, addini bai ce ka halaka kanka ba. Da buɗa baki kar a yi wa kunu da lemo dirar mikiya.

Wanda bai san matsayinsa ba, gwajin safe kafin a ci komai in ya kai 126 ana zargin suga, sai a maimaita. Kuma Baba ka dinga duba tafin ƙafarka kullum, suga yana kashe jin zafi, na ga waɗanda suka ƙona ƙafa a bakin kasko lokacin sanyi ba su sani ba sai da wari ya tashi.

An ce acca tana maganin suga?

Abinci ce mai kyau, amma hatsi ce kamar sauran, in ka cika kwano suga zai hau. Rabin faranti ya zama ganye, mu da Allah ya ba kabeji da karas da latas da koren wake a bakin ƙofa, motoci na lodi ana kaiwa Legas mu muna cin tuwo da miyar da ba komai sai mai.

Al'adata ta fara tsallake, ga zafi na taso min da dare, shekarata 48.

Hajiya lokacin ne, yawanci tsakanin 45 da 55 take ɗaukewa, zafin da gumi da saurin fushi duk tafiyarsu ɗaya, in sun hana ki sukuni akwai taimako. Sai an yi shekara cur ba jini ake cewa ta tafi, kafin nan ciki na iya shiga. Amma jinin da ya dawo bayan shekarar nan, ko ɗigo ne, ba al'ada ba ce, a je a duba. Ƙullutu a nono ko a hammata, musamman wanda ba ya ciwo, ko kan nono ya shige ko yana fitar da jini, kar a ce daji ne ba ya son ƙarfe a tsaya shafe-shafe, wanda aka kama da wuri ana warkewa. Gwajin bakin mahaifa kuma daga shekara 30 ya kamata a fara.

Baba yana tashi fitsari sau biyar da dare kuma ba ya fita da ƙarfi.

Yawanci wani nama ne da ke ƙarƙashin mafitsarar maza yake girma da shekaru ya matse hanya. Sau da yawa ba kansa ba ce kuma ƙwaya na sassauta shi, amma gwaji ne zai bambance, a duba suga ma. Ba zai faɗa wa 'ya mace ba, ɗansa namiji ya kai shi. Ranar da fitsarin ya tsaya cak ko aka ga jini, ba a kwana.

Ta yaya ake gane shanyewar ɓarin jiki, me za a yi kafin a kai asibiti?

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, duk farat ɗaya. A duba agogo a riƙe lokacin, a kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura masa ruwa ko rubutu ko magani don yana iya shaƙewa, kar a ba shi asfirin tunda ba a san ko jijiya ce ta fashe ba. A wuce babban asibiti kai tsaye, addu'a a yi ta a mota. Ko alamun sun wuce bayan minti goma a je, gargaɗi ne. Bayan an sallamo kuma gashin ƙashi na asibiti da juya shi a gado duk bayan awa biyu don kar baya ya yi gyambo.

Inna tana shan maganin ciwon gwiwa kullum daga kemis, ga ido ya yi hazo.

Diclofenac da ibuprofen kullum a jikin tsohuwa suna huda ciki su taɓa ƙoda su ɗaga hawan jini, wani haɗin ma har da ƙwayar sa ƙiba a ciki. A tattara duk ledojin a kai wa likita ya gani. Gwiwa tana son motsi, zama wuri ɗaya ke ƙara sandarar da ita, ko zagaya tsakar gida ne ta yi, kuma ku daina ce mata Inna zauna kin huta kuna ƙwace mata tsintsiya da tsinken kuɓewa. Yanar ido aikin ɗan lokaci ne a asibiti ta dawo tana zura zare a allura, kar a bari masu yawo su soka mata ƙarfe a ido. Hawan ruwan ido shi ne mugun, ganin da ya tafi ba ya dawowa, duk wanda ya haura 40 a auna masa. Sannan faɗuwa: fitila a hanyar banɗaki, abin dafawa a bango, kujerar wanka, a ɗauke tabarmar da ke naɗewa, karayar ƙugu ta kwantar da tsofaffi da yawa da ba su sake tashi ba.

Kakarmu ta fara mantuwa, tana kiran waɗanda suka rasu, tana cewa an sace mata kuɗi. Maƙwabta har sun fara ƙus-ƙus.

Ku toshe bakin maƙwabtan nan tun yanzu, ba maita ba ce ba kuma asiri ba, ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke zuwa wa wasu tsofaffi, ba kowane tsoho ba. In rikicewar ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu ne a kai ta a ranar, sau da yawa ciwon fitsari ne ko suga ko namoniya ko wani magani da take sha, ana magancewa ta dawo hayyacinta. In kuwa a hankali ta taho shekara da shekaru, ba a warkar da ita amma ana sauƙaƙawa. Kar ku yi musu da ita, in ta ce Malam bai dawo daga masallaci ba kar ki ce ai ya rasu tun 1998, za ta yi sabon kuka kamar yau aka yi rasuwar, ki ce zo mu sha kunu kafin nan. A bar ta a ɗakin da ta saba, kayanta a inda ta san su, a ɗinka lambar waya a cikin zaninta ko da za ta fice, a raba ta da ashana da risho. Kuma jinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kar a jibge ta kan matar ɗa ko autar gida, ku zauna ku raba kwanaki, wanda ke Abuja ba zai iya kwana ba ya turo kuɗin magani da na mai taya wanki.